Ƙwaryar da Na Mayar wa Yahaya Sau Biyu

Malama mai filin shawara, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ki taimake ni, ɗiyata, ki kuma yi sauri, don hadari ya fara leƙowa ta gabas, ni kuwa ga ni zaune ba irin shuka, ba abokin hira, kuma duk gidana an haɗa baki an ce wai laifina ne.

Tun farko in gaya miki, ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. Tsohuwata, wato matata, ita ke rubuta wagga takarda, ita da ta yi ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata har aka ba ta shaida ta rataye a bango. Na ce ta rubuta abin da na faɗi kawai, in ta ƙara nata Allah na gani. Ita ke karanta mini filinki duk ran da Fasto ya zo da jarida daga Gusau. Gaskiya rabin shawarwarinki ban yarda da su ba, kin cika ba mata gaskiya. Amma ba ki san ni ba, ba ki san Yahaya ba, shi ya sa na ce bari in kai ƙara gun alƙalin da bai ci tuwon gidan kowa ba.

Ƙauyenmu na tsakanin Gummi da Bukkuyum, ba sai na faɗi suna ba. Mu masu bi ba mu kai gida ashirin ba, sauran 'yan'uwanmu Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, gayyarmu ɗaya. Babana ne ya fara karɓar bangaskiya a nan, bayan an warkar masa da gyambo a asibitin mishan. Da ya dawo bai zo da komai ba sai tabo a ƙwauri, da waƙoƙi uku, da wata sabuwar ɗabi'a ta cire hula a bakin gona ya yi addu'a kafin ya ɗaga sungumi.

Akwai wata dawa da ya gada gun kakanmu. Kaura ce, amma ba irin ta kasuwa ba. Zangarniyarta kamar damtsen ɗan dambe, tuwonta kuwa in ya kwana, ɗumamen ya fi na jiya daɗi. Da kaka, kafin kowa ya sa wuƙa, Baba kan shiga gonar shi kaɗai ya zaɓi zangarkun da suka fi cika, ya ɗaure su, ya rataye bisa murhun Inna. Hayaƙi ya yi ta dukansu har su yi baƙi, ba ƙwaron da ke kusantarsu sai damina. Kuma yana da doka a kan irin nan. Cewa yake iri ba na mai gona ba ne, aro ne daga Allah. Wanda duk ya roƙa a ba shi, Musulmi ne ko Bafillace ko mai bi, ba a sayarwa, ba a kuma yin gori da shi.

Kai, zamani! In ruwan fari ya sauka, Baba na gaba da sungumi yana sara, mu muna baya da ƙoƙuna muna zubawa muna rufewa da diddige. In ka zuba da yawa a rami ɗaya, bai ko waiwayo ba zai ce ya ji. Har yau ban san yadda yake ji ba. In dawa ta fara nuna sai a ɗora mu bisa rumfa korar tsuntsaye, ni da Yahaya ɗan maƙwabtanmu, da majajjawa da gwangwani mai tsakuwa. Tsuntsaye su ci, mu ma mu ci, don tumun geron da muka gasa a ɓoye ya fi wanda suka ɗauka. Da rana Inna ta taho da hura a kai, tun daga nesa tana kiranmu ɓarayin gonar ubansu. Wata shekara ruwan fari ya sauka ran Asabar, gari ya waye Lahadi kowa ya fita shuka, Baba ya ce mu sai majami'a. Aka yi ta mana dariya. Litinin muka shuka, kuma tamu ta tsira daidai da ta kowa. Ban ce ta fi ba, ba ni ƙarya, amma ba ta kasa ba.

Lahadi biyu ne manya gare mu manoma. Akwai Lahadin addu'ar iri, kafin ruwa, inda kowane mai gida ke kawo ƙwaryar irinsa gaban bagade a sa albarka. Akwai kuma Lahadin godiya da kaka, inda ake shiga da damma a jere ana waƙa. Tun majami'armu na bukkar ciyawa, gidanmu ke shiga gaba. Da Baba ya rasu ni na ɗauka, shekara talatin da ɗaya ba fashi.

Tsohuwa ta ce dole in ba ki wani labari, wai in na ɓoye shi za ta ajiye alƙalami. To ga shi, ko da yake ban ga abin da ya haɗa shi da maganata ba. Ina ɗan shekara goma, ran godiya, mun iso har ƙofar majami'a, Baba da babban dami, ni da ƙarami. An fara waƙa, ana jiranmu. Sai ya tsaya cik, ya sauke damin a ƙofa. Ya ce Ubangiji ya hana mutum ya miƙa baiko alhali akwai wanda ke riƙe da shi a zuci, sai ya je sun shirya tukuna. Ashe kwana uku kafin nan ya doki saniyar wani Bafillace mai suna Hudu, ya kuma zage shi. Kuma fa saniyar ta ci dawar, da idona na gani, kunya kusan biyar! Ya bar ni gadin damma, ya kama hanyar ruga da ƙafa. Na wuni a rana ina korar awaki. Aka yi sujada aka gama, aka ci abincin godiya ina jin ƙamshi, aka watse. Sai la'asar ga shi tafe da goran nono da Hudu ya ba shi, yana murmushi kamar wanda ya ci kasuwa. Muka shigar da damma majami'a ba kowa sai ƙadangaru. Yunwar ran nan, ɗiyata, shekara sittin ke nan ban manta ta ba.

Yanzu ga maganar Yahaya. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi baftisma a rafi, benci ɗaya muke zama tun ana zama bisa kututture. Lokacin da haukan zinariya ya kama mutane, 'ya'yansa suka ja shi wajen Anka daka dutse, da furfurarsa. Na ce masa ƙasa ta sama ita ke ciyar da mutum, ta ƙarƙashi sai dai ta rufe shi. Bai ji ba. Shekarar da dalma ta kashe yara a can, ya kwaso jikokinsa ya dawo, gona ta zama saura, rumbu wayam, ko ƙwayar iri babu. Bai roƙe ni ba ma. Ni na sauko da zangarkun Baba, na sussuke, na cika ƙwarya na kai masa har zaure. Wannan ba gori ba ne, labari nake ba ki.

To, bara ran godiya, ɗana ya ce in hau babur ya kai ni da damin. Na ce damin Baba bai taɓa hawa ƙarfe ba, ba kuma a kaina zai fara ba. Wuyana ya daina ɗaukar kaya, saboda haka na aza wa jaki. Muna isa rafi, ruwan ko idon sawu bai kai ba, jakin nan ya kafe. Na ja, na tura, na lallashe shi, na kira shi da sunayen da ban so tsohuwa ta rubuta. Ya tsaya yana kallona kamar surukina. Kafin mu ƙetare rana ta yi sama. An ce wai sun jira ni har waƙa biyu, sannan Fasto, yaro ne sabon zuwa, ya ce Yahaya ya shiga gaba.

Da wannan kaɗai ne, da na haɗiye. Ina isa ƙofa sai na ji Fasto ya ɗaga zangarniya daga damin Yahaya yana nuna wa jama'a, wai ku dubi albarkar da Allah ya yi wa gidan Baba Yahaya, wai bai taɓa ganin dawa irin wannan ba. Kaurar ubana! Yahaya na tsaye yana washe haƙoran da suka rage masa, bai buɗe baki ya ce ga inda ta fito ba.

Wajen cin abinci a gindin darbejiya na ce, yadda kowa zai ji, in mai wando ya iso, mai aro sai ya tuɓe. Shi kuwa ya ce ai mai wandon ya tsaya shari'a da jaki, kuma da alama jakin ya yi nasara. Aka kwashe da dariya. Har wagga da ke rubutu ta yi, ta rufe baki da gyale amma na ga kafaɗunta. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce masa ɓarawon iri. Ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa ya tafi. Tun ran nan ba mu gaisa ba. Na koma bencin baya kusa da taga, iska ma ta fi. Yaran gari kuwa sun laƙa mini Baba Na-Jaki, har 'ya'yan Rabe maƙwabcina, wanda kullum in ya fito masallaci sai ya tambaye ni lafiyar alƙali, wai jakin.

Da na koma gida na rantse ba mai ƙara ganin ƙwayar irin nan. Na sauko da shi daga bisa murhu, inda kowace mai shigowa ɗibar wuta ke ganinsa, na kai tsohon rumbun bayan gida, na liƙe da laka. Tsohuwa ta ce gara za ta cinye shi. Ɗana ya ce ga buhun zamani mai leda ciki. Na ce da su duka su bar ni, na girme su a noma. Sauran dawar muka yi ta ci, har ta ƙare wajen bikin jikata. Wata ɗaya da ya wuce na fasa rumbun. Ɗiyata, gara ta hau ta ƙasa, ɓeraye sun shiga ta sama, sun yi taro a kan kaurar Baba. Abin da na tarar ko kaza ba ta tsaya a kansa ba. Na zauna nan ƙasa. Ban yi kuka ba, ƙura ce ta shiga mini ido.

Na zaga gidajen da muka taɓa ba iri a da. Duk sun koma na zamani mai saurin nuna, ko sun gauraya. Gida ɗaya tal ya rage da ita tsantsa a ƙasar nan, kin kuma san ko na wa.

Sai ga ƙarin raini. Sau biyu matar Yahaya na zuwa gun tsohuwata da ƙwarya rufe da faifai, wai Malam ya ce a ba Malam. Ni za a saya da tuwo? Na ce a mayar. Ban buɗe ba, na biyun ma da ƙafa na tura ta, na dai ji abin ciki ya ce shaa. In yana da magana, ya san hanyar gidana, ba da ƙwarya aka zage ni ba balle ƙwarya ta ba ni haƙuri.

Lahadin addu'ar iri saura mako biyu. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa shiga hannu sake ba. Na yi tunanin in je kasuwar Gummi in auno kaura in rufe da faifai, wa zai sani? Na kuma yi tunanin in kwanta in ce bayana ne, da ma yana ciwon, ba ƙarya ce duka ba. Amma abin da na fi so shi ne ki buga a jarida cewa Yahaya ya tashi gaban ikilisiya ya faɗi inda ya samo iri, ya janye maganar jaki, sannan in duba ko zan karɓa. Fasto na karanta filinki, zai kai masa. Ki faɗi gaskiya, kada ki ji tsoron kowa.

Ni ne,
Tsohon manomi da aka zalunta, yammacin Zamfara.

AMSA

Baba, na gaishe ka da girmamawa, na kuma gaida Mama mai alƙalami, wadda na ga alamar ta sha aiki. Ka ce in faɗi gaskiya kada in ji tsoron kowa. To, zan faɗa, har da kai a cikin waɗanda ba zan ji tsoro ba.

Ka yi noma fiye da shekara sittin, kunnenka ya gaji na mahaifinka da ke jin yawan ƙwayar da ta faɗa rami bai waiwaya ba. Tuwo ba ya cewa shaa, Baba. Fura ma ba ta cewa. Abin da ke cikin ƙwaryar nan irin kaurar mahaifinka ne, kuma ina kyautata zaton ka san haka tun kafin ƙafarka ta bar jikinta. Malam Yahaya ya ji abin da ya sami rumbunka. Mutumin da ka kira ɓarawo a bainar jama'a ya aiko maka da iri sau biyu, a rufe, ta hannun mata, don kada kowa ya ga ka karɓa. Haka kai ma ka yi masa lokacin da ya dawo daga Anka, ba ka jira ya roƙa ba. A gidanku ya koyi wannan.

Ba zan ce ba a ɓata maka ba. Da Fasto ya ɗaga zangarniyar nan, ya kamata Malam Yahaya ya ce ta gidan wane ce, ko don sunan mahaifinka da ya fara karɓar bangaskiya a ƙauyen. Ya yi kuskure, maganar jaki kuma ta zo a lokacin da zuciyarka ke ciwo. Amma ka auna da kyau. Shi ya yi maka ba'a irin ta abokan rumfar tsuntsaye, bayan kai ka fara da maganar wando. Kai kuwa ka kira shi ɓarawo a kan abin da ka kai masa da hannunka. Dokar gidanku ta ce ba a gori da iri, ba ta ce sai in an manta da godiya ba. Jama'ar da ta jira ka har waƙa biyu kuma ba ta raina ka ba.

Ka lura da wani abu. Irin da ka liƙe da laka don kada kowa ya samu, shi gara ta ci. Wanda ka bayar, shi ya rayu. Da ba ka cika ƙwaryar nan ka kai zauren abokinka ba, da yau kaurar kakanka ta ƙare a duniya.

Kaurar kasuwa a ƙarƙashin faifai, a'a. Fasto ba zai sani ba, amma ba gun Fasto kake neman albarka ba, kuma da kaka gona za ta tona. Ciwon baya ma a'a, don damina ba ta jiran mai fushi. Sanarwar da ka nema kuwa ba zan buga ba.

Ka ce ba ka ga abin da ya haɗa labarin Hudu da maganarka ba. Mama ta gani, ni ma na gani. Saniyar ta ci dawar da gaske, kunya biyar, duk da haka mahaifinka ne ya kama hanyar ruga. Bai tsaya lissafin wanda ya fara ba, ya dai san akwai kalmar da ta fita bakinsa da bai kamata ya shiga da ita gaban Allah ba.

Saboda haka ran da aka karanta maka wannan, kada ka bari ta kwana. Ka ɗauki ƙwarya wayam ka tafi gidan Malam Yahaya da ƙafarka. Jakin ka bar shi a gida, ya yi iya nasa. Ka yi sallama, ka ce ka janye kalmar ɓarawo, sannan ka gaya masa a fili abin da ya yi maka ciwo ran godiya. Ina tsammanin zai riga ka ba da haƙuri, amma ko bai yi ba, kai ka sauke naka. Tunda a gindin darbejiya ka faɗi kalmar, a can ya dace ka sake janye ta ran Lahadi, gaban waɗanda suka ji. A nan ne kuma sabon Fasto zai ji tarihin dawar, daga bakinku ku biyu.

Da kaka, ka mayar da zangarkun bisa murhun Mama inda suka saba, ka zuba kaɗan a buhun ɗanka, ba zai rage maka girma ba. Ka kuma raba wa gida uku ko huɗu, har da na Malam Rabe, don kada kaurar ta sake rataya a kan rumbu ɗaya.

Ran addu'ar iri ku shiga tare, ka koma bencinku. In kuwa matar Malam Yahaya ta dama maka fura ran da ka je, ka zauna ka sha har ka ƙoshi, a madadin abincin godiyar da ya wuce ka kana ɗan shekara goma. Allah ya ba da damina mai albarka, ya ƙara wa Mama haƙuri, ya sa kaurar Baba ta kai ga jikokin jikokinka.